Babi na Bakwai: Masauki a Bakin Hanyar Giwa

A cikin kayan yumɓun Nok da masu haƙar kuza suka riƙa tonowa a ƙarnin da ya wuce, akwai kan giwa guda da aka samu a Udegi, cikin ƙasar Nasarawa, kudu da mu 'yan kudancin Kaduna. Ba shi da girma, mutum zai ɗauke shi da hannu biyu, kuma maginin ya yi wa giwar idanu irin waɗanda yake yi wa mutane, masu huda a tsakiya. Shekarunsa sun kai 2,000 ko fiye. Wanda ya murɗa yumɓun nan ba a bakin fatake ya ji labarin giwa ba. Da idonsa ya gan ta, ko dai tana shan ruwa a rafin da matan garinsu ke ɗiba, ko kuma tsaye a tsakiyar gonarsa ta gero shi yana ta ihu daga nesa. Ƙasar da ta tashi daga Nok da Kwoi, ta bi ta Jama'a da Kagoro har gindin tsaunukan Filato, daji ne na doka da maje da ɗorawa, da rafuka masu kurmi a bakinsu, irin wurin da giwa ke so ke nan.

Yau yaron da aka haifa a Kafanchan ko Zonkwa ko Kachia zai girma, ya yi aure, ya aurar da nasa, bai taɓa ganin ko sawun giwa ba. Babu garke ko ɗaya da ke zaune a kudancin Kaduna. Kuma ba dare ɗaya suka ƙare ba. Haure ya daɗe cikin kayan da ayarin Kano ke ƙetare sahara da su zuwa Tarabulus. Bindiga ta yawaita. A 1927 layukan dogo suka haɗu a Kafanchan, garin ya cika da ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa yana neman itacen gini da na girki da wurin noma. Ita kuwa giwa ba ta iya zaman ƙunci. Babba ɗaya takan ci kusan kilo 150 na ciyawa da ganye da ɓawon itace a rana, ta sha ruwa sama da lita 100, gobe kuma sai ta matsa gaba. Da daji ya tsage ya zama 'yan guntaye tsakanin gonakin citta da masara, sai garke ya rasa hanya. Na ƙarshe da aka sani a jihar suna can ɓangaren Birnin Gwari ne, a dajin Kamuku da aka mayar gandun ƙasa a 1999, suna kai da kawo tsakaninsa da Kuyambana ta Zamfara. Kowa ya san abin da ya sa ake jin sunayen waɗannan dazuzzuka a rediyo yanzu, kuma ba giwa ba ce.

Na ɗauko zancen ne saboda wata magana da ke tasowa duk lokacin da aka zauna hirar yawon buɗe ido a yankinmu. Sai wani ya ciro waya ya nuna bidiyon wani sansani a Kenya ko Botswana: tantuna 'yan kaɗan a ƙarƙashin itatuwa, faifan sola a gefe, baƙi zaune suna shan shayi, giwa da 'ya'yanta suna wucewa ba su ko waiwaya ba. Daga nan sai tambaya ta biyo baya, wai me zai hana a yi irinsa a gindin dutsen Kagoro, ga ruwa ga sanyi ga kyan gani? Tambayar ba ta banza ba ce. Sai dai kafin a amsa ta ya kamata mutum ya je inda giwa ta rage a arewa ya ga abin da ke riƙe da ita, don abin da wayar ke nunawa shi ne mafi arha a cikin aikin.

Daga Kafanchan, giwa mafi kusa tana Yankari. A da ana iya hawa jirgin ƙasa har Bauci, tunda layin Maiduguri da aka gama a 1964 daga Kuru ya balle. Yanzu mota ce: a haura Filato, a ratsa Jos, a gangara ta Toro zuwa Bauci, a ɗauki hanyar Gombe, a Dindima a karya dama zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar gandun take. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai sauran tafiyar kilomita arba'in da 'yan kai a cikin daji, babu gari babu gona. Wannan shi ne abu na farko da ke ba mutumin kudancin Kaduna mamaki, don mu a wajenmu ba a tafiyar minti biyar ba a ga rufin kwano ko kunyar doya ba. Faɗin Yankari murabba'in kilomita 2,244 ne. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a Disambar 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ta mayar wa Jihar Bauci a 2006.

Ran gandun shi ne kogin Gaji. Da rani, idan tafkuna sun ƙafe ciyawa ta bushe, duk wata dabba sai ta gangaro kwarin. A nan ne motar kallo take bi da baƙi da sassafe ko da la'asar. Gwanki da kanki da gwambaza da ɓauna ba su da wuyar gani. Giwa kuwa sai an yi sa'a, kuma kafin a gan ta ana fara ganin aikinta. Jagora zai tsayar da mota ya nuna reshen da aka karya ya rataye, ko bishiyar da aka salluɓe wa ɓawo tun daga sama, ko sawu a cikin laka mai faɗin da yaro zai zauna a ciki. Zai sauka ya tsokane tulin kashinta da sanda don ya san ko na daren jiya ne. A ciki za a ga zaren ciyawa da ba ta gama narkewa ba, da ƙwallayen 'ya'yan itace cif, ga buzuzu na ta mirgina rabonsa. Waɗannan ƙwallaye su ne dajin gobe. Giwa takan ci 'ya'yan itace a nan, ta je ta sauke irin a nisan kilomita da yawa tare da takinsa. In Allah ya sa an ci karo da garken, abin da ke kama mutum shi ne rashin ƙararsu. Dabba mai nauyin tan uku ko huɗu tana tafiya ba a jin takunta, sai dai ƙarar reshe da wani gurnani can cikin ciki. Tsohuwar uwa ce ke gaba, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ke yanke shawarar a tsaya ko a gudu. Jagora zai ce kowa ya yi shiru, ya sa direba ya juya motar ta fuskanci hanyar fita, ya bar wa giwayen fili. Giwayen Yankari sun sha harbi a baya, ba su yarda da mutum irin yadda na bidiyon Kenya suka yarda ba.

Masaukin Wikki kansa ba irin tantunan wayar ba ne. Ƙaramin gari ne na siminti, ɗakuna sama da 100, da ɗakin taro da wurin cin abinci da ɗan gidan tarihi inda aka ajiye tarkuna da bindigogin da aka ƙwace. An gina shi ne a kan tunanin zamaninsa, wato a kawo otal cikin daji. Abin da ya ja shi wurin shi ne maɓulɓular Wikki, ruwa garai-garai da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, rani da damina, kimanin lita miliyan 21 kullum, yana gangarawa Gaji. Da yawa daga cikin masu zuwa, gaskiya, wanka ne ke kawo su, giwa ƙari ce. Ban ga laifin hakan ba. A shekarar 2000 an ƙiyasta baƙi sama da 20,000 suka shiga gandun, kuma kuɗin mai wanka da na mai kallon zaki duk aljihu ɗaya suke shiga.

Duk wanda ya kwana a Wikki zai ba da labarin gwaggon biri. Suna zaune a bakin ɗakuna, sun san ledar burodi, sun san ƙarar buɗe bayan mota, sun kuma san mace da yaro sun fi saurin sakin abin da ke hannunsu. Gyado ma yana yawo tsakanin ɗakuna yana kiwo a durƙushe. Baƙi suna dariya suna ɗaukar hoto. Amma biri mai fizgen leda alama ce ta cewa abincin mutum da shararsa sun shiga rayuwar daji, kuma a nan ne ake fara gane bambancin masaukin da ke zaune lafiya da daji da wanda aka dasa masa kawai. Bambancin ba a rufin ciyawa yake ba. Ana iya yin bukka mai kyan gani a kuma zuba ruwan banɗakinta a rafin da dorina ke kwana. Tambayoyin da ya kamata a yi ba su da daɗin ɗauka a hoto. Ina ruwan wanki da na masai ke zuwa? Robobin ruwa da gwangwanaye ana fitar da su daga gandun ne ko ana tona musu rami a bayan kicin? Da me ake girki, gas ko itacen da aka saro a wurin? Janareta na kwana yana ruri, ko sola da batir ke riƙe da fitila da firji? An dasa ɗakunan a kan hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, ko an ja da baya an bar musu? Sansanin da ya amsa waɗannan da kyau yakan zama ƙarami dole, gado ashirin ko ƙasa da haka, don daji ba ya ɗaukar sharar mutum ɗari biyar a dare guda. Ƙanƙantar ce kuma ke sa shi tsada, kuma wannan matsala ce da za mu dawo kanta.

Ko da an amsa duka, ba a taɓo babbar maganar ba tukuna. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye kusan 350 a Yankari. Bayan 'yan shekaru aka koma ƙiyasin 100 zuwa 150. A tsakanin nan ɗakunan Wikki suna nan, an ma yi musu gyara mai tsada, amma a cikin daji ana tsintar gawar giwa kimanin goma a shekara an cire haure. Abin da ya juya lamarin ba gini ba ne. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedkwata a Amurka, ta fara aiki a gandun a 2009, a 2014 kuma ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauci ta karɓi kula da sintiri. Aikin da aka yi mai sauƙin faɗa ne: a ba mai gadin daji takalmi da tanti da abinci, a biya shi alawus ɗin kwana a daji a kan lokaci, a ba shi na'urar da ke rubuta inda ƙafarsa ta taka don kada a yi sintiri a gindin bishiya, a saka wa wanda ya kama mafarauci, a bi shari'ar har kotu. Aka kuma ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai na'urar da ake bibiya ta tauraron ɗan'adam, don a san inda garke yake a tura masu gadi su bi shi. Daga 2015, shekaru da dama a jere, ƙungiyar ba ta samu giwar da mafarauta suka kashe a gandun ba. Mutanen da suka yi wannan aiki yawancinsu 'yan ƙauyukan kewaye ne, kuma wasunsu sun rasa rayukansu a hannun mafarauta. Baƙon da ke shan shayi yana kallon garke ba ya ganinsu, amma takalminsu ne ya saya masa kallon.

Farfaɗowar giwa kuwa ba ta gaggawa. Cikinta wata 22 ne, tana haihuwa ɗaya, sannan sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. Abin da bindiga ta ɗauke a rani guda sai a shekara ashirin ana jiran ya dawo.

Akwai kuma mutumin da ba a taɓa sa shi a bidiyon talla ba, wato manomin da gonarsa ke bakin iyaka, a gundumomin Duguri da Pali da Gwana na ƙaramar hukumar Alƙaleri. Yankari ba shi da shinge. Da damina, idan dawa ta fara nuna masara ta yi goyo, giwaye sukan fito. Wanda bai taɓa ganin gonar da garke ya kwana a cikinta ba ba zai gane ba. Abin da suka ci kaɗan ne a kan abin da suka tattake. Karan dawa kwance a laka, kunya ta baje, rumbun da ke gefe wani lokaci an ture shi. Aikin wata huɗu ne, abincin gida na shekara, ya tafi kafin asuba. Mai gona yana da gwangwani da zai buga, da wuta da zai hura, da tocila, da makogwaronsa. In ya harbi giwar, ɗaurarre ne. In ya ƙyale ta, yunwa. Sai kuma wani ya zo daga birni ya ce masa giwa dukiyar ƙasa ce. Zai ce, ranka ya daɗe, to ƙasar ta zo ta biya ni dawata.

Wannan magana tasa ita ce ma'aunin kowane sansani. A Yankari an ɗauki wasu 'yan ƙauyuka aikin sa ido, an ba su waya, su ke sanar da manoma da masu gadi idan garke ya doso, an kuma gina hasumiyoyin tsaro a bakin gonaki, ana kwaso 'yan makarantar ƙauyukan a kai su cikin gandun su ga abin da iyayensu ke wahala a kansa. A Kenya wata mai bincike, Lucy King, ta nuna cewa giwa tana tsoron zuma, don ƙudan na shiga mata hanci da gefen ido. Sai aka riƙa rataye amya a kewayen gona, ana haɗa su da waya. Giwa ta taɓa wayar, amya ta girgiza, garke ya juya. Manomi ya tsira da amfaninsa, ya kuma samu zumar sayarwa. Barkono da citta ma ba su cikin abin da giwa ke marmari, shi ya sa a wasu ƙasashe ake shuka su a gonakin bakin daji. Duk dabaru ne masu amfani, amma kowace tana cin kuɗi, kuma kuɗin dole ya fito daga wani wuri. Sansanin da ke karɓar kuɗin baƙo, ya sayo tumatir da kaji daga babban birni, ya ɗauko ma'aikata daga wata jiha, ya bar mai gonar dawa da gwangwaninsa, ko da sola ya rufe shi tun daga ƙofa har bayan gida, ci da gumin wani yake yi.

Wanda ke son ganin inda aka haɗa waɗannan abubuwa wuri guda ba sai ya je gabashin Afirka ba. Ya dubi Zakouma a ƙasar Chadi. A 2002 akwai giwaye sama da 4,000 a wurin. Mahaya dawakai masu manyan bindigogi suka yi ta kashe su har suka koma kusan 450 a 2010, shekarar da gwamnatin Chadi ta damƙa gandun ga ƙungiyar African Parks. Tsoro ya sa giwayen sun dunƙule wuri guda, sun kusan daina haihuwa. A Satumbar 2012 mafarauta suka kashe masu gadi shida suna cikin sallar asuba. Duk da haka ba a janye ba. Aka raba wa ƙauyukan kewaye rediyon sadarwa don su kira idan sun ga baƙin mahaya, abin da ya kare su ma daga ɓarayin shanu, aka gina makarantu. A ƙidayar 2021 giwayen sun haura 600. Abin lura a wajenmu shi ne yadda suka tsara masaukai. Akwai Camp Nomade, tantuna 'yan kaɗan masu tsadar gaske, ana kafa su da rani a kwashe kafin ruwa ya sauka, ba a barin ko tubali. Akwai Tinga mai matsakaicin kuɗi. Sannan aka ware wani sansani da 'yan ƙasa ke shiga kyauta. Mai kuɗin da ya taso daga Faransa shi ke biya wa ɗan makarantar Am Timan. Ni a ganina wannan ce amsar matsalar tsada. Gandun da ɗan ƙasa ba ya iya shiga, ranar da aka zo yanka shi a raba filaye ba wanda zai fito ya yi magana.

Sai dai duk wannan yana tsaye ne a kan tsaro. Gandun W, wanda Nijar da Benin da Burkina Faso suka haɗa, yana cikin yankin da ya fi ko'ina yawan giwa a Afirka ta Yamma, amma 'yan bindiga sun kore baƙi daga cikinsa. A Kure, kusa da Yamai, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, harin Agustan 2020 da ya kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu ya tsayar da sana'ar jagororin wurin cak. A Najeriya gaba ɗaya, shirin kare giwa na shekara goma da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Agustan 2024 ya ce saura 300 zuwa 400, daga 1,200 zuwa 1,500 da ake da su shekara talatin da suka wuce. A watan Janairun 2024 ɗin an niƙe haure tan biyu da rabi a Abuja, wanda aka ƙwace a hannun masu fasa-ƙwauri, mafi yawansa ma daga wasu ƙasashe ya shigo yana neman hanyar Asiya.

To, mu dawo gindin dutsen Kagoro. Na taɓa jin mai cewa ai sai a sayo giwayen a zuba. Bauci ta gwada makamancin haka a 2006, lokacin da aka kawo raƙuman dawa da jakunan dawa da wasu dabbobi daga Namibiya aka sa a dajin Sumu. Waɗannan ma masu sauƙin riƙo ne a kan giwa. Giwa a garin wani zomo ce: garken da aka raba da tsohuwar da ta san hanya, aka sauke shi a ƙasar da ko'ina gona ce, ko dai a kewaye shi da waya ya zama gidan zu, ko ya fita ya yi ɓarna a harbe shi. Kuma a yankin da maganar fili ta sha jawo zubar da jini, tsakanin manomi da makiyayi, tsakanin wannan ƙabila da waccan, wanda ya zo ya ce zai killace murabba'in kilomita dubu don dabba, bai san inda ya sauka ba. Ba mu da wannan fili, kuma ba za mu samu ba.

Abin da muke da shi daban ne. Akwai ruwan Matsirga a Madakiya, yana zubowa daga tsayin kusan mita 30. Akwai tsaunukan Kagoro da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, wanda asalinsa ma na farauta ne, kuma har yau mafarauta ke fitowa da kwari da baka. Akwai Nok. Akwai kuma kurmin Nindam kusa da Kagoro, ɗan guntun daji mai duhu irin na kudu da ya maƙale a arewa, wanda masana tsuntsaye suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1980 saboda ana samun tsuntsayen kurmi da ba a zaci ganinsu a nan ba. Shi ne ke ƙarewa yanzu a hannun masu zarto da masu gawayi da masu neman sabuwar gona. Kowa ya bi hanyoyinmu ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran motar Abuja, ya kuma tuna shekarun da aka bi madobiya aka sassare don kai wa Sin. Mai kallon tsuntsu baƙo ne mai sauƙin hidima. Ba ya son kiɗa, ba ya son janareta, yana tashi da asuba, kuma yana biyan jagoran da ya san kukan kowane tsuntsu. A Laminga, kusa da Jos, cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis tana zaune a bakin ɗan dajin Amurum tun farkon shekarun 2000, tare da yardar mutanen garin, 'ya'yansu ke aiki a ciki, dajin kuma yana nan. Tsakaninta da Kafanchan tafiyar 'yan awoyi ce, duk mai niyya zai iya zuwa ya tambayi yadda suka yi.

In za a kafa sansani a Nindam ko kusa da Matsirga, darasin Yankari da Zakouma ya shafe shi ko da ba giwa. A fara zama da masu ƙasa, sarki da dagatai da iyalan da kakanninsu ke da wurin, a rubuta nawa ne rabonsu a kowane kwanan baƙo, ba alkawarin baki ba. A ɗauki mafarautan garin aikin gadi da jagora, don ba wanda ya san kurmi kamar wanda ya daɗe yana ɗana tarko a cikinsa, a kuma tanadi albashinsu na shekara biyu kafin a sayi katifa ko ɗaya. A sayi doya da acca da zuma da kaji a kasuwar garin. A ware ranakun da 'yan makarantar Kagoro da Kafanchan za su shiga ba tare da biya ba. Tanti da sola su zo daga ƙarshe, su ne ake samu a kasuwa kowace rana.

Wanda kuma giwar yake son gani, ya shirya wa Yankari tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da zafi ya matsa dabbobi suka taru a Gaji. Ya ba wa kansa kwana biyu ko uku, don fita ɗaya ba ta cika isa ba, ya tambayi masu gadi inda garken ya kwana kafin ya hau mota, ya kuma kulle ƙofar ɗakinsa ko da zai fita minti ɗaya ne, saboda birai.